Murfin butar shayin Hajiya ya fashe

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Yaya maigidan da yara?

Yaya, hankalina a tashe yake. A gidan da nake aiki a unguwar Tandabawi akwai 'yar butar shayi ta yumɓu, wadda marigayi mijin Hajiya, uwar ɗakina, ya kawo mata daga Japan. Tun zuwana ta ja mini kunne: ba a sa mata sabulu, ruwan ɗumi kawai, sannan a bar ta a buɗe ta bushe. Shekaranjiya ina ɗauraye ta, murfin ya suɓuce mini, ya rabe biyu.

Na ɗauka na kai mata. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta, sannan ta ce, "Je ki, sai ɗana ya dawo." Shi ne kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ga igamata, takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi. Har yau ba ta nemi shayi ba.

Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki gaya mata dalili. Ki gaida Kawu Sale da kowa.

Ƙanwarki,
Balaraba