Ishaya Ya Ce Bai San Ni Ba

Yaya Luka,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya madam da yara? Ƙafar ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ranar Talata ina dawowa daga gadin gonar doya, bindigar Baba a kafaɗa, na goyo Ishaya abokin gadina a mashin. Kusa da Godogodo 'yan sanda suka tare mu. Na kashe mashin, na ɗaga hannu, na ce, "Oga, ta farauta ce, ba harsashi, lasin yana aljihuna." Ban taɓa ta ba, su suka sauke.

Babbansu ya duba takardar, ya tambayi Ishaya, "Ka san shi?"

"Ban san shi ba, Oga. Ɗan acaɓa ne, a hanya na hau."

Ishaya fa, Yaya, wanda ya girma a gidanmu! A ofishinsu na yini, sai da mai unguwa ya zo ya shaide ni. Ranar Lahadi ya miƙo min hannu a coci, na kasa karɓa.

Ka yi min addu'a. Gai da Kawu Bulus.

Ƙanenka,
Danjuma