Magen Wendell

Talata, 2 ga Afrilu
Gari ya koma rawaya. Sau biyu na wanke gilashin bas ɗin makaranta kafin in ga hanya, garin furen bishiyoyi ya rufe komai. Wuyana kuma ƙaiƙayi kamar an zuba min tururuwa. Na sosa har jini, alhali na san abin da zai biyo baya. Shekara tara ke nan ina fama da farin tabon nan, vitiligo in ji likita, kuma duk inda na ji wa fatata ciwo, bayan wata biyu sai wurin ya yi fari fat. Layi uku da farcena ya ja a hannu bara suna nan.

Alhamis, 4 ga Afrilu
Ƙanena Cleophus ya zo cin wake da burodin masara. Ya dubi wuyana, ya dubi magen gidan, Biskit, kwance a kujera.
"Yaya, magen nan ce ke cinye ki. Gashinta har cikin kofinki. Ba ni ita, ɓeraye sun mai da rumbuna masauki."
Na ce ɗauki, dama ba tawa ba ce. Mijina Wendell ne ya tsinto ta a bayan coci, ya rasu ya bar ni da ita. Ba ta taɓa so na ba, ni ma ban ɓoye mata nawa ba. Mun yi da shi ƙarshen wata.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Na hana ta ɗaki. Kullum yanzu sai na wanke zanen gado da rigar filo na shanya a bayan gida, su sha rana kamar yadda Mama ta koya mana. Ita kuwa tana bakin ƙofa tana kuka kamar an yi mata mutuwa. To, an yi ɗin.

Litinin, 8 ga Afrilu
Abin ya ƙaru. Yau har kumatu. Fuskata ce kaɗai ta rage min ba farin tabo, kuma ina jin tsoro.

Talata, 16 ga Afrilu
Gwaji a asibitin Albany, don a gano abin da ke sa ni ƙaiƙayi. Mako guda aka hana ni maganin ƙaiƙayi saboda gwajin, na kusa haukacewa. Likita Okimoto ta jera min ɗigo arba'in a gadon baya, kowanne na abin da ake zargi, tana tsira allura. Na ce kada dai in tashi da farin ɗigo arba'in kamar zabuwa. Ta ce tsirar ba ta da zurfi, amma za mu sa ido.
Minti ashirin ta dawo. Wurin furen bishiyar pecan ya kumbura, na ciyawa ya kumbura. Wurin mage kuwa shiru, ko ja bai yi ba.
"Misis Tillery, a ina kike shanya?"
"A igiya mana, a ina ake shanya?"
"Igiyar tana ina?"
Tsakanin bishiyoyin pecan biyu na Wendell. Na faɗa, na ji kunya ta rufe ni. Ashe ni ce nake kwaso garin furen da hannuna, in shimfiɗa, in kifa fuska a kai har safe. Don in kori gashin mage.
A mota na yi dariya, sai kuma hawaye. Ban san na mene ne ba.

Laraba, 17 ga Afrilu
Na kwance igiyar. Mama ta yafe min, injin busarwa zai yi aikinsa. Taga a rufe, wanka da zarar na dawo.

Laraba, 24 ga Afrilu
Kwana huɗu ban sosa ba. Wani ɗan fari ya fito ƙarƙashin kunne, bai kai ƙwayar wake ba. Kumatu lafiya. Na gode wa Allah, wannan zan iya zama da shi.

Asabar, 27 ga Afrilu
Cleophus ya zo da keji, an yi alkawari ai. Na ba shi labarin igiya, ya yi dariya har da riƙe ciki.
"To duk da haka ba kya son ta, Yaya. Kawo ta."
Tana kan ƙafata a lokacin, ban san yaushe ta hau ba. Na ce ba na son ɓarna, ya bari buhun abincinta ya ƙare tukuna. Ya leƙa buhun, saura kamar na kwana uku, ya ce Talata ke nan.
Da ya tafi na shiga gari sayen sabulu. Na dawo da buhu biyu, manya.