Wanda ya koya wa Sadiq sunkuyar da kai

Talata, bayan isha'i

Ina tuƙi a titin Gate City Boulevard sai ɗana Sadiq ya kira daga Italiya, inda yake karatu. Ya faɗi jarrabawar Italiyanci. Ashe a can da baki ake yin ta, kai da farfesa ido da ido. Tun kafin su tafi mai ba ɗalibai shawara ta ce su riƙa kallon malami, su ɗaga murya. Shi kuwa ya je ya sunkuyar da kai yana ƙus-ƙus.

Na daka masa tsawa, "Uban wa ya koya maka wannan shashancin? Da kana kusa da na kakkarya ka!" Na naushi sitiyari har yatsana ya fashe.

Ya ce, "Baba, kai ne. Da bel."

Ga bel ɗin can rataye a bayan ƙofa. Na kasa kallonsa.