Ɗakin da Auta Ya Kwana da Sunana

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan ku da yara kuna lafiya, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, aiki ma da godiya.

Ranar Talata da safe otal ya zuba mini makin kwana uku, irin wanda ake tarawa a samu ɗaki kyauta. Ba sa zuba wa mutum wannan makin sai ya mayar da makulli, wato Auta ya bar ɗakin. Yau Juma'a, bai iso wurina ba, wayarsa kuma a kashe.

Ga yadda abin yake. Da sunana na kama masa ɗakin, domin wanda sunansa ke rajista shi ake ba makin, ni kuma ina tara shi ne saboda masaukin Inna idan ta zo ganin likita. Na tura masa katina na otal ɗin, na ce kada ya rubuta sunansa. Har dariya ya yi, ya ce, "To Yallaɓai, yau ni ne kai."

Jiya na je otal ɗin. Ma'aikaciyar karɓar baƙi ta duba ta ce ni ne na kwana, ba su san wani Auta ba. Takardar ta nuna kullum mutum biyu ke karyawa, alhali shi kaɗai ya taho.

Kada ki tayar da hankalinki, wataƙila wani aboki ya samu. Amma kada Inna ta ji tukuna. Ki turo mini hotonsa na kwanan nan, ki sa mu a addu'a. Allah Ya tsare.

Manajan otal ɗin ya ce gobe zai duba ko kyamarar bakin ƙofa ta ajiye hoton Talata.

Ƙaninki.