Ƙishirwar Balbela

Zuwa ga Baban Balbela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da katafilarka da ta fi mu ganinka. Na ba direban motar siminti wannan takarda, tunda wayarku a can wajen aikin gada sai an hau tudu ana ɗaga hannu kafin ta kama.

An kwantar da Balbela a asibiti. Likita ya ce ƙodarta ce ta gaza, ba ta fitar da ruwa, duk abin da ta sha sai ya zauna a jikinta. Siraran ƙafafun nan da suka sa ka laƙa mata suna, yau ba za ka gane su ba. In na danna yatsa a ƙwaurinta rami yake zama, sai an jima ya cike.

Ɗakin yaran dogo ne, gadaje hagu da dama, kowane gado da kujerar roba ta mai jinya, banɗaki a can ƙarshe. Wani abu suke yi a nan da ban taɓa gani ba. Kullum da safe in likita ya zo zagaye, ni yake fara tambaya kafin nas. "Maman yarinya, ke kika kwana da ita, me kika gani?" Ranar farko har waiwayawa na yi in ga ko da wata yake. Akwai wata nas da muke ce wa Sista Doguwa, ita ta koya mini duba fatar idon yarinyar da sauraron numfashinta. Ta ba ni kofi ta manna filasta a jikinsa, ta ce ruwan yini guda ke nan, ko ɗigo kada ya wuce. In ƙishi ya matsa, a jiƙa auduga a goga mata a leɓe. Saura kaɗan in zama likita, ka fara shirin kira na Dakta.

To ga inda gizo ke saƙa. Ba a shiga da jarirai ɗakin, don haka da azahar nake tafiya gida in shayar da ƙaninta, Inna ta karɓe ni har magariba. Duk bayanin nan da safe ake yin sa, Inna ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Jiya na dawo na tarar da gorar ruwan Inna saura rabi, gaban rigar Balbela a jiƙe. Na ce, "Inna, likita fa ya hana." Ta ce, "Likitan ya dubi leɓen yarinyar nan kuwa? Ko kaza ba a hana ta ruwa."

Ka san bakina, amma a gaban mahaifiyarka ba ni da shi. Tsoro nake ji ƙwarai. Don Allah ka rubuto mata, maganarka tana shiga kunnenta.

Ka gaida abokan aiki. Allah Ya tsare.
Matarka.

*

Zuwa ga iyalina,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, kuma na fahimci abin da ke ciki. Allah Ya ba Balbela lafiya, Ya sa kaffara ne.

Game da Inna, ina so ki yi haƙuri. Ita ta raine mu, babu wanda ya lalace a hannunta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kurɓi ɗaya ko biyu ba zai yi komai ba, likitoci sun saba tsananta magana don mutane su kiyaye. Ban ga yadda zan ɗauki biro in rubuta wa mahaifiyata cewa ba ta iya riƙe jikarta ba.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki kai maganarta gaban ma'aikatan asibiti. Kin san yadda wasunsu suke yi wa tsofaffi tsawa a bainar jama'a, ba zan so a yi wa Inna haka ba. Abin cikin gida a bar shi a gida.

Na nemi hutu, injiniya ya ce sai an gama zuba kankaren gadar. Ki gaya wa Balbela ina nan tafe da takalmin da ta ce.

Wassalam,
Mijinki.

*

Baban Balbela,

Ina gaishe ka, ko da yake gaisuwar ba ta kai ciki ba.

Na bi umarninka, ga sakamakonsa. Kowace safiya ana ɗora ta a sikeli, kowace safiya nauyinta ƙaruwa yake yi. Yanzu idanunta ba sa buɗuwa sai rana ta ɗaga. Shekaranjiya likita ya tsaya a ƙafar gadon ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Maman yarinya, akwai abin da take sha bayan na kofin nan?" Na dubi idonsa na ce babu. Mutumin da ya ɗauke ni abokiyar aiki, shi na yi wa ƙarya don in rufa wa gidanku asiri. Ya yarda da ni, ya ƙara mata magani, ya sa aka ɗebi jininta ana neman wani dalili daban. Ina riƙe da hannunta aka soka allurar.

Sista Doguwa ba ta yarda ba. Ta ja ni bakin taga ta ce, "Wa ke zama da ita da rana?" Na ce kakarta. Ba ta yi tsawa ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Laifinmu ne, mun koya wa mutum ɗaya alhali biyu ke jinya. Duk wanda ya zauna a kujerar nan namu ne. Kawo ta gobe da safe mu zauna da ita."

To da safe Inna ce ke riƙe da jariri, in ta zo wa za ta bar wa shi? Sista Doguwa kuma da azahar take tashi, nas ɗin rana ita kaɗai ce da ɗaki guda, ko kanta ba ta da lokacin sosawa. Duk da haka na gaya wa Inna ana son ganin ta. Ta ce, "Ni za a koya wa raino? Da aka haifi nas ɗin ina da 'ya'ya a ƙasa."

Jiya na ɓoye gorar, sai ta ari kofi a gadon kusa. Balbela ta gane, yanzu ni ce muguwa, kakarta ce mai ƙaunarta. In na shigo juya mini baya take yi.

Kai kana can kana karin magana, ni ina nan ina kallon 'yarka tana kumbura. Rimin da kake faɗa, ka hau shi ka hango mana abin da ke tafe. In ba za ka iya buɗe baki ba, ka gaya mini wanne ka zaɓa, fushin Inna ko ran yarinyar nan.

Ni ce,
Maman Balbela.

*

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, Allah Ya yi maka albarka. Maƙwabciyarmu malamar makaranta ce take rubuta mini wannan, kuma ita ce ta karanta mini taka.

Ka manta ban iya karatu ba ne? A tsakar gida aka karanta ta, mata suna wanki. Kowa ya ji ɗan da na haifa yana cewa zan kashe masa 'ya, wai in cire hannuna daga jinyarta. To na cire.

Amma bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Kana da wa. Kafin a haife ka gudawa ta kama shi, mutane suka ce kada in ba shi ruwa, zai ƙara masa. Na hana shi. Yana miƙo hannu ina kau da kai. Da na kai shi asibiti ya riga ya bushe, ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, da ruwa kika ba shi da bai mutu ba." Da wannan maganar na tsufa.

Sai ga jikata leɓe a tsage, tana riƙe mini zane tana cewa, "Kaka, kaɗan kawai, ba zan faɗa ba." Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini dalili. An dai ce an hana, kamar yadda ake hana yaro alawa. Ni kuwa na taɓa jin an hana, na bi, na binne.

Ba zan ƙara taka asibitin ba, tunda haka ka zaɓa. Jaririn yana hannuna, ba abin da zai same shi. Na yafe maka, amma zuciyata ba ta huce ba.

Mahaifiyarka.

*

Baban Balbela,

Sallama da gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta.

Na ce ka yi magana, ban ce ka yi sara ba. Shiru ka yi har ya yi yawa, da ka tashi kuma ka sare reshen da muke kai. Inna ta daina zuwa. Jariri kuwa dole ya sha nono, don haka da azahar nake barin Balbela ita kaɗai, in roƙi matar gadon kusa ta sa mata ido. Ita ma nata ɗan ba lafiya gare shi ba.

Ranar Laraba an kira matar wajen karɓar magani. Da ta dawo gadonmu ba kowa. A banɗaki ta sami Balbela, yarinyar ta tura bokiti ta hau, ta kafa baki a famfo. Ba wanda ya san tsawon lokacin da ta yi a wurin. Inna kurɓi take ba ta. Famfo ba ya cewa ya isa.

Kafin in dawo numfashinta ya canza, yana ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. An mayar da ita ɗakin injina, inda ake cire takalmi a ƙofa. Likita ya ce ruwan ya hau huhunta. Na gaya masa komai, har ƙaryar da na yi masa. Hannu kawai ya sa ya shafe fuskarsa.

Washegari da Sista Doguwa ta tashi aiki, ta ce in kai ta gidanmu. Da kayan aikinta ta zauna a ƙasa gaban Inna, ta gaishe ta kamar uwarta. Ta nemi soson wanka da kwano, ta ce, "Inna, wannan ne huhun jikarki." Ta yi ta zuba ruwa a hankali har soson ya cika ya yi nauyi, ta miƙa mata ta ce ta hura iska ta ciki. Inna ta karɓa, ta juya shi a hannu, ba ta hura ba. Sai ta ba mu labarin yayanka da ya rasu. Shekara nawa ina gidan nan ban sani ba. Sista ta ce, "Wancan yaron ruwa yake buƙata, gaskiya ma'aikacin asibitin ya gaya miki. Wannan ciwon kishiyar wancan ne." Inna ta ce, "To me ya hana a zo tun farko?"

Malamar makaranta ta karɓi jaririn na safe, yanzu ni da Inna muke tsayawa zagaye tare. Ta fi ni tsanani, ko audugar sai ta matse ta sau biyu. Likita in ya gama da ni sai ya juya ya ce, "Kaka, ke me kika gani?"

Amma ya ce zuciyar yarinyar ta gaji, maganin ba ya kamawa kamar da. Ka bar musu gadarsu ka taho. In sun kore ka, sun kore ka.

Matarka.

*

Baban Balbela,

Sallama. Direba ya ce ruwan sama ya yanke hanyarku, don haka ban san ko wannan za ta riske ka a can ko za ku yi saɓani ba.

Balbela ta rasu yau da hantsi.

Tun da safe likita ya kira ni gefe ya ce babu sauran abin yi, duk abin da ta nema a ba ta. Ruwa ta nema. Na cika kofi na miƙa wa Inna, don na ga ita ta fi cancanta. Ta ƙi karɓa. Na ce likita ya yarda. Ta ce ita ba ta ji da kunnenta ba, ba za ta ƙara ba yarinyar nan komai a kan an ce ba. Ta fita da sauri neman sa, ba ko takalmi.

Ni na ba ta. Ta sha kaɗan, ta ce akwai sanyi.

Da Inna ta dawo da likitan, na riga na rufe mata ido.

Allah Ya ba mu haƙuri. In ka iso, ka fara shiga wajen mahaifiyarka kafin ka zo wajena.

Maman Balbela.