Ba Zan Zauna a Kujerar Yayanki Ba

Ya ke hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko a kan ƙasar da rana ta gasa! Ya ke mai wuyan barewa da zuciyar dutse, mai murya kamar sarewa da taurin kai kamar ƙusar da ta yi tsatsa! Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka daina ɗaga wayarsa. Tun da kika ce ba ni ba ke sai na je na ba Yayanki haƙuri, na kuma zauna a kujerarsa ya yi mini zanen ɗigon gashi, duniya ta matse ni kamar takalmin aro. Haƙurin zan bayar, har da durƙuso in ana so. Amma kujerar nan, rabin raina, ko da igiya aka ja ni ba zan zauna ba.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a bakin shagon waldarmu? Rumfar tana yoyo, ɗigon yana sauka daidai tsakiyar kaina, ɗas, ɗas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce ke da madubi kun rabu, a goshina za ki riƙa gyara kwallinki. Sannan kika ɗora tafin hannunki a wurin, kika tare mini ruwan. Wayyo wannan tafi! Shi kaɗai ne hular da na taɓa sawa ban ji kunya ba. Abokan aikina Fitila suke kirana, ƙannena suna cewa goshina ya kusa gaisawa da ƙeyata, duk na shanye. Ke ce kika fara kawo mini labarin cewa yanzu ana yi wa masu sanƙo ɗigo-ɗigon tawada da siririyar allura, kan ya koma kamar na wanda ya yi aski ƙwal gashi ya fara leƙowa. Na yi ta murna. Ashe murnar tana tafe da Yaya a bayanta.

Yayanki mai aski ne, kuma ban hana shi nasa ba: a layinku babu hannun da almakashi ke yi wa biyayya kamar nasa. Amma aski in an kuskure, gashi ne ke tsirowa ya rufa wa kowa asiri. Ni me zai tsiro ya rufa mini nawa? Da bakinsa ya gaya mini cewa a waya ya koyi aikin, yana kallon bidiyo, ya kuma gwada hannunsa a kan kankana. Kankana, ya ke tauraruwata! Kankana ba ta zufa, ba ta jin zafi, ba ta da surukan da za ta je gaisarwa. In ya ɓata ta, sai ya yanka ya sha. Ni in ya ɓata ni, yaya zai yi da ni?

Kuma kada ki ce ban ga aikinsa a kan mutum ba. Na gani. Ranar da na zo gaida Babanku a falo, fanka ta kwashe masa hula ta jefa bayan kujera. Ya ke furen zuciyata, abin da idona ya tarar a ƙarƙashin hular nan! Layi miƙaƙƙe ɗoɗar a saman goshi, kamar an ɗora rula an ja. Ɗigon duk sun narke sun haɗe, sun koma shuɗi kamar biro ya fashe a aljihun farar riga. Dattijo da furfura cike da gemu, an ba shi goshin ɗan firamare! Mama ta juya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi. Ke kika ruga ɗauko ruwan da ba wanda ya nema. Ni na sunkuya na ɗauko hular, na miƙa da hannu biyu, idona a ƙasa. Kowa a gidanku ya san abin da ya sa Baba ba ya rabuwa da hula a wannan zafi, amma an kulle baki don kada ran ɗan fari ya ɓaci. Da Yayanki ya dafa kafaɗata ya ce ni ne na gaba, sai na ce ya fara gyara na farkon tukuna. Shi ke nan laifina. Bakina ya riga hankalina fita, na sani, amma ƙarya na yi?

Ni ban yi dogon karatu ba, sai dai duk abin da ya faɗo hannuna sai na karanta shi, har takardar da ke cikin kwalin magani. Wannan aiki na karanta shi har idona ya yi ja. Allurar ba ta son zurfi. In ta wuce wurinta, tawadar bazuwa take yi a ƙarƙashin fata, ta canja launi. Wannan ko ba a rubuta ba zan gane, don ni ma in na daɗe da wuta a wuri ɗaya, ƙarfen hujewa yake yi. Amma ƙarfe in ya lalace sai in yanke in jona wani. Kai fa? Wa ke yawo da kan canji a aljihu?

Saboda haka na zaga gari neman gwanin wannan aiki. Na shiga wurin wani da ya cika bango da hotuna, duk an ɗauke su ranar da aka gama aiki, fata na ta ƙyalli. Da na ce ya nuna mini kan da ya shekara, nan take ya tuna yana da baƙo. Wani kuma ya rantse a zama ɗaya zai gama ni, yana magana yana sosa kunne da hannun da zai riƙe allurar. Daga baya na dace da wata mata a saman bene, kusa da mai sayar da gilashin ido. Kafin ki ɗaure fuska: sa'ar Mama ce. Ɗaki ƙarami, haske tas, babu kiɗa, babu cika baki. Ita ce ma ta tsare ni da tambayoyi, ko fatata na yin tabo, ko ina shan wani magani. Ta kira wani direba da ta yi wa aiki tuntuni, ya zo ya cire hula a bakin taga, na bi kansa da ido kamar mai neman kwarkwata, na kasa raba ɗigo da gashin gaske. Ta ce ba za ta mayar mini da goshin yarinta ba, don wata rana zan tsufa, kuma ya kamata layin ya tsufa tare da ni. Ta ce sai an yi zama bayan zama, fata na hutawa a tsakani, kuma tawadar za ta koɗe da shekaru, sai an sabunta. Kin ji mai gaskiya! Ta sa safar hannu, ta buɗe sabuwar allura a gabana, ta yi mini 'yan ɗigo a bayan kunne don a ga yadda fatata za ta karɓa. Sun warke. Suna nan ƙanana, launin toka, ba abin da suke jira sai yatsanki.

Ya ke inuwata a tsakar rana, ki duba abin da na kawo fansa. Ƙofar shagon Yaya da ke kuka zan gyara ta. Zan ƙera masa sabuwar kujera mai juyawa, wadda wasu za su zauna a kai. Gemuna zan riƙa kai masa duk mako ya yi yadda ya ga dama da shi, tun da shi yana tsirowa. Batun Baba ma na yi wa matar, ban kama suna ba. Ta ce ba ta alkawari sai ta gani da idonta. Ba kya so dattijon nan ya sake jin iska a kansa?

Saura magana ɗaya. Da matar ta ɗauki fensir za ta zana inda layin goshin zai tsaya, sai ta dakata. Ta ce in zo da wanda ya fi kowa kallon fuskata, don ni a madubi kawai zan riƙa ganinta, wani ne zai zauna da ita safe da yamma. Na ce akwai ta, amma tana fushi. Ta mayar da fensirin aljihu ta ce za ta jira.

To, ba a ja layin ba. Ranar Asabar da hantsi zan koma. Akwai kujerar roba a gefen tagar. In kin zo, ke za ki ce nan ya yi, nan bai yi ba. In ba ki zo ba, zan sauko daga benen da sanƙona yadda na hau da shi, in ci gaba da haska ƙofar gidanku kyauta har ki gaji ki fito.

Naki har tawadar ta koɗe, a sabunta, ta sake koɗewa,

Fitilarki