Hadiyya Biyu

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Kazar da nig gudo da ita daga Gatawa cikin zane ta ƙyanƙyashe tara, sati ukku ke nan. Ukku sun zube. Ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, sai jan ƙirji bisa siminti. Jar cikinsu na raɗa mata suna Hadiyya, don jikata Hadiyya ta cika shekara biyu, har yau da gindi take tafiya. Nic ce, "Hadiyya, zo ki ci dusa!" Yarinya ta jawo gindi ta taho. Na yi dariya har da tari. Uwatta Rukayya, matar ɗana, ba ta ɗaga kai daga wanke-wanke ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na gaya ma Rukayya mu danginmu wata goma yaro ka miƙewa, a bincika wajensu. Tac ce, "To, Inna." Tukunya dai ta sha murza.

Asabar, 13 ga Yuli

Na kama Rukayya bayan ɗaki tana ɓare ma yarinya dafaffen ƙwai. Na amshe. Wa bai san yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo shika zama ba? Nic ce, gurguwa ba ta ishe mu ba, sai kin ƙara muna ɓarauniya? Gabansu na cinye shi, har da gishiri. Hadiyya na kallon bakina.

Laraba, 17 ga Yuli

Wakili maƙwabcinmu, malamin dabbobi, ya leƙo. Ya juya 'yan tsakin, yac ce ba annoba ba ce, tunda suna ci, ido garau, babu zawo.

"Ina kike aje su, Inna?" Ɗakin tarkace, ƙarƙashin kwando, don shaho. "Mi suke ci?" Dusa. Yac ce ƙashi ba shi ƙwari da dusa da duhu, ga santsin siminti na raba masu ƙafa. Nic ce a Gatawa gara nika tono masu a daji. Yanzu wa ka shiga daji?

Yac ce a zuba yashi, a fidda su hantsi, a daka ɓawon ƙwai da zogale da ƙuli cikin dusar. Ya ɗaure ma jar ƙafafu da zare, sako-sako, don su haɗu.

Da za shi fita ya tsaya kan jikata Hadiyya, ya daɗe. Ya tambayi uwar abin da take ci, yac ce a kai ta asibiti. Nic ce kaji anka kira ka dubawa.

Alhamis, 18 ga Yuli

Guda ta mutu. Ba jar ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Rukayya ta dawo daga asibiti. Wai ƙwai, wake, kifi, a riƙa fito da ita, a komo bayan wata. Tana kwance goyo tac ce, "Inna, sun ce ba gado ba ne." Ko kallona ba ta yi ba.

Kunu da tuwo muka renon yara tun kakanni. Amma a gida akwai nono, akwai fili. Nan kuwa ni nic ce a bar fitar da ita ƙofar gida, kada unguwa ta gani.

Ban ci tuwon rana ba. Miyar ce ba daɗi.

Juma'a, 2 ga Agusta

Jar ta miƙe! Tana tangaɗi kamar tsohuwa da tulu, amma ta kai bakin kasko da ƙafarta. Na sake mata suna, Ja kawai. Suna ɗaya ga biyu ruɗani ne.

Ɓawo ya ƙare, shi ya sa na dafa ƙwai guda. Ɓawon nika so. Na ciki kuwa ba a zubar da abinci, kuma Hadiyya na nan kusa, bisa tabarmata a hantsi. Ta cinye, ta kama zanena, ta ɗaga gindi kaɗan, ta koma daɓas.

Rukayya ta ga gwaiduwa a bakinta. Ta share da hannu, tac ce, "Inna, gobe ma za a buƙaci ɓawo?"

Nic ce 'yan tsaki takwas ne, ki dafa biyu.